Baitin da Na Cire

Litinin, 8 ga Yuli, da hantsi

Takardar jirgi ta iso. Stamata ta ajiye ta a kan tebur kusa da kwanon gishiri, ta ce, "Yaya, Matula ta yanko min. Takwas ga watan gobe zan bi motar birnin Atina, washegari in tashi."

Na ce Allah ya kiyaye hanya, na ci gaba da ɓare wake.

Tana rarrafe uwarmu ta mutu ta bar min ita. Ni na rene ta, ni na aurar da ita, na kori manema biyu saboda ita, kuma da mijinta ya mutu ni na buɗe mata ƙofar gidan nan, ita da 'ya'yanta, Matula da Lambros. Yau ina da shekara saba'in da biyu, za ta tafi Ostiraliya wurin 'yarta, ta bar ni da kaji da keken ɗinki.

Ba ta tsaya nan ba. Ta warware wani yadi shuɗi a gabana. "Bayan addu'ar shekara uku ta Lambros zan cire baƙin kayan makoki. Matula ta ce kada in sauka gaban jikokina kamar hankaka. Ki ɗinka min."

A garin nan uwar da ta binne ɗa da baƙi ake binne ta. Ta sani sarai, ta dai ga ba ta da sauran kunyar kowa ne.

Talata, 9 ga Yuli, da rana

Ba inda za ta.

Alhamis, 11 ga Yuli, da la'asar

'Yan wasa sun iso daga birni, kamar kowace bazara, sun cika dandalin dutse na mutanen da, wanda muke kira Kwano. Bana ma ni ce telarsu. Riguna sha huɗu baƙaƙe na 'yan amshi, kuma bayan na ɗinka sai in yayyaga gefensu don su yi kama da na bayi. Aikin banza, amma ya fi zama a gida ina kallon akwatin Stamata.

Wasan na tsohuwar sarauniya ne da aka ƙone garinta aka karkashe 'ya'yanta. Mai shirya shi wani Minas ne, gajere mai sanƙo, ba ya magana sai da ihu. Wadda ke fitowa a sarauniyar sunanta Zafiriya. Kyakkyawa ce, ba ta taɓa haihuwa ba, kuma daga ganin yadda take kuka ko kyanwa ba ta taɓa binnewa ba.

Yau ya tsayar da ita sau shida. "Wannan kuka ne ko haƙori ke miki ciwo? Ɗanki aka yanka, baiwar Allah, ba jakarki aka sace ba!"

Ta fashe da kukan gaske, ya ce shi ma bai yi ba. Na yi dariya har allura ta soke ni.

Asabar, 13 ga Yuli, bayan faɗuwar rana

Stamata ta dawo daga maƙabarta hannunta na warin man zaitun. Kullum haka, shekara uku ba fashi: ta wanke dutsen, ta sauya lagwani, ta zuba mai, ta kunna masa fitila.

Ta zauna a bakin ƙofa tana cire takalmi, ba ta kalle ni ba. "Yaya, in na tafi wa zai riƙa kunna masa?"

"Ki tambayi Matula, ita da ta iya yanko tikiti."

"Minti goma ne daga nan."

"Gwiwoyina ba sa hawa tudu."

"Amma suna hawa Kwano."

Ban taɓa taka maƙabartar ba tun ranar da aka sa shi, kuma ba ta taɓa tambayata dalili ba. Wannan rashin tambayar ne na fi tsana a wurinta.

Talata, 16 ga Yuli, da azahar

Minas ya same mu a inuwa, ni da maƙwabciyarmu Diyamanto da ke yi musu guga. Ya ce ya ji labarin matan ƙauyukan nan suna tsara waƙar makoki a bakin kabari, nan take, daga kansu. Ko akwai wadda za ta rera masa ɗaya ya sa a bakin sarauniyarsa?

Diyamanto ta ajiye dutsen guga ta yi alamar gicciye. "Rufa mana asiri, ɗan birni. Waƙar mamaci tasa ce shi kaɗai. Sau ɗaya ake yin ta, a rufe ta da ƙasa tare da shi. Duk abin da mace ta faɗa a ciki, ko zagi ne, ba mai ƙara ɗaga shi. Ka taɓa ganin an tono likkafani an ba wani aro?"

Ya yi dariya ya ce al'ada mai kyau, ya tafi yana sosa sanƙo.

Ni kuwa na ci gaba da ɗinkina. Ƙwaƙwalwata ba ta yar da abu. Awon kafaɗar mutumin da ya mutu shekara talatin ina riƙe da shi, balle kalmomi.

Laraba, 17 ga Yuli, da safe

Na gwada Stamata don ɗinkin rigar. Ta rame, ƙugunta bai kai na yarinya ba.

Na ce, "Shuɗi yana fito da tsufa. Za ki yi kama da ƙofar gidan wanka."

"Ba komai."

"Mutane za su ce kin manta shi."

"Su ce."

"Shi ma zai ce."

Kafaɗarta ta motsa a ƙarƙashin tef ɗin awo. Na ji daɗi, ba zan yi wa littafina ƙarya ba. Amma sai ta ja numfashi ta ce, "Lambros ya fi kowa tsanar baƙin nan. Ki sa min aljihu, Yaya."

Na yanka rigar da ƙarancin yatsa biyu a hammata. Ta sha matsi.

Juma'a, 19 ga Yuli, da la'asar

Na ba Minas waƙar makokin.

A bayan motar kayansu muka zauna, ya kunna wayarsa, na faɗa masa a hankali ba tare da rerawa ba, sannan na rera masa karin. Ban gaya masa ta wace ce ba. Na ce tsohuwa ce, mai ita ta daɗe da mutuwa.

Lambros na sauya da "ɗana", saura duk na bar shi yadda ta yi:

Ɗana, na dafa maka wake, ya huce a tukunya.
Takalminka na bakin ƙofa, ɗaya ya kife,
ban gyara ba, kai nake jira ka gyara.
Wa zai sauko min da tulun mai daga bisa?
Wa zai ce, Mama, gishirin nan ya yi yawa?

Da sauransu, baiti tara. Minas ya yi kuka har da majina, ya sumbaci hannuna, ya kira ni uwa. Na goge hannun a jikin rigata.

Goma ne Stamata ta yi a ranar jana'izar. Na goman bai dace da wasan ba, kuma ko ita ba ta ƙarasa shi ba, layi biyu ta yi muryarta ta tsaya, mata suka riƙe ta. Ba a ba mutum rabin baiti.

Lissafina mai sauƙi ne. Ta ji shi, ya buɗe mata ciwon, ta koma cikin baƙinta, ta zauna inda Allah ya ajiye ta. Don amfaninta ne. Me za ta yi a ƙasar da ba ta jin ko gaisuwarsu?

Lahadi, 21 ga Yuli, da asuba

Awakin Diyamanto da ƙararrawarsu. Na gaya mata sau nawa ta sauya musu hanya.

Talata, 23 ga Yuli, da rana

Zafi. Iska daga tudu, irin ta waccan shekarar. Na rufe tagogi duka.

Alhamis, 25 ga Yuli, da yamma

Na hau har layin ƙarshe na Kwano don in ji gwajin. Daga can mutum kamar ƙwayar zaitun yake, amma in ya tsaya a kan farin dutsen tsakiya ko numfashi ya ja sai ka ji shi a kunnenka. Ban da ni, Minas ya kori kowa daga wurin, har Diyamanto, wai yana son abin ya zo wa mutane ba zato.

Zafiriya ta durƙusa ta fara. Da ta kai wurin takalmin sai na ga na miƙe tsaye ban sani ba.

Ta iya, 'yar banza. Ta iya fiye da yadda na so.

Na dawo na tarar Stamata ta cusa tumatir da shinkafa, ta ajiye min nawa a rufe. Na ce ya yi gishiri. Bai yi ba.

Lahadi, 28 ga Yuli, da azahar

An yi addu'ar shekara uku. Stamata ta kwana biyu tana shirya dafaffiyar alkama, da rumman da sukari, ta rubuta sunansa a kai da ƙwayoyin 'ya'yan itacen almon. Fada ya karanta addu'a, an raba a ƙofar coci, kowa ya ce Allah ya gafarta masa. Da aka nufi kabari na ce kaina na juyawa, na dawo gida.

Diyamanto ta biyo ni da ragowar alkama. Ta ce, "Yaron kirki. Har yau na kasa gane abin da ya hau da shi tudun nan, wuta na ci, da silifas a ƙafarsa. Ƙuruciya dai."

Na ce ƙuruciya.

Da Stamata ta shigo na miƙa mata rigar, na ce, "Minas ya ba mu kujerun gaba ranar Asabar. Ki fara sa ta a can, kowa ya gan ki lokaci ɗaya a huta."

Ta daɗe tana shafa yadin. "Rabona da Kwano tun Lambros na ɗaukar min matashi." Sai ta yi murmushi, na farko da na gani a shekara uku. "Na gode, Yaya. Ban zaci za ki so in je ba."

Laraba, 31 ga Yuli, da safe

Ina iya ce wa Minas ya cire. Yau ma ina iya ce masa.

Juma'a, 2 ga Agusta, da la'asar

Ta ba da kajinta biyu ga matar Fada. Ta ba da tukunyar tagulla. Tana rera waƙa tana ninke kaya.

Ban ce wa Minas komai ba.

Lahadi, 4 ga Agusta, da hantsi

Zan rubuta shi yadda ya faru, sau ɗaya.

Mun tafi rana na shirin faɗuwa, kowace da matashinta. Motocin baƙi sun cika hanya har gonar zaitun. A bakin shiga ana tuɓe wa matan birni takalma masu tsini don kada su ci dutse, suna tafiya ba takalmi suna tsaki. Stamata a cikin shuɗi, hannayenta a manne da jiki don rigar ta matse ta. Matan garinmu suka yi ta zungurin juna. Wata ta ce da ƙarfi, "Amarya, ina ango?" Stamata ta gaishe ta da sunanta ta wuce.

Dutsen zama na da ɗumin rana har lokacin. Mutum ya fi dubu biyar. Aka kashe fitilu, gyare suka yi shiru, sai mujiya ɗaya daga cikin itatuwa.

Ban san abin da aka yi a sa'ar farko ba. Rigunana kawai nake gani suna kai da kawo. Sannan aka shigo da gawar yaron a kan garkuwa, Zafiriya ta durƙusa a kan farin dutsen.

Ɗana, na dafa maka wake.

Na ji hannun Stamata ya sauka a gwiwata. Ba ta matsa ba, ajiye shi kawai ta yi. A bayanmu Diyamanto ta ce, "Uwar Almasihu!" Duk matan da suka je jana'izar sun gane kafin a kai takalmin. Na ji layinmu gaba ɗaya ya daina numfashi.

Na jira ta faɗi. Na jira ta yi ihu in rungume ta in kai ta gida in ciro mata baƙinta daga ƙasan akwati. Har ruwa na zo da shi a jaka.

Ba ta faɗi ba. Ta saurari baiti tara, leɓenta na bin kowace kalma. Da Zafiriya ta gama ta kifa kai a kan gawar, sai Stamata ta juyo ta kalle ni, ta ce a hankali, "Kin rage ɗaya, Yaya."

Ta miƙe. Taku goma sha biyu ne daga kujerarmu zuwa dutsen. Wani mai gadi ya yunƙura, na ga Minas daga gefe ya ɗaga masa hannu ya tsaya. 'Yan amshi suka buɗe mata hanya don ba su san abin da za su yi ba. Ta tsaya a kan dutsen, mace ɗaya mai shuɗi a cikin baƙaƙe sha huɗu, ta ɗaga hannu, hammatar rigar ta yage, na ji ƙarar yagewar, kowa ya ji.

Awaki bakwai sun sauko da ƙafarsu,
ko gashin ɗaya wuta ba ta lasa ba.

A nan ta tsaya a wancan karon. Jiya ba ta tsaya ba.

Barci yake, da tsakar rana, aka tashe shi.
Tashi, raggo, awakina za su ƙone.
Muryar da ta yi min reno ce ta faɗa,
ina bayan taga ina shanya, na ji ta.
Shekara uku ina cin abinci da ita.
Garifaliya, 'yar uwata, ƙirga awakinki.

Ba ihu ta yi ba. A Kwano ba a buƙatar ihu.

Wani daga sama ya fara tafi, sai duk wurin ya ɗauka. Suka miƙe tsaye. Wata baƙuwa kusa da ni, mai turare, hawaye na zubo mata, ta kama hannuna ta ce, "Kin ga tsohuwar nan? A ina suka samo ta? Kamar gaske!" Tana ta jijjiga ni wai in tashi in tafa.

Layin garinmu kaɗai ne ba wanda ya tafa, ba kuma wanda ya kalle ni.

Stamata ta dawo ta ɗauki matashinta, ta ɗauki nawa, ta ce, "Mu je gida." Muka tafi tare, tana gaba da tocila tana haska min duwatsu.

Lahadi, da yamma

Ta sani. Tun ranar ta sani, kuma kullum tana ajiye min abincina a rufe.

Litinin, 5 ga Agusta, da safe

A gidan burodi mata biyar na tarar. Na yi gaisuwa, mai burodin ce kawai ta amsa, ita ma da ka. Diyamanto ta biyo ni waje.

"Awakin ba su ne suka dame ni ba, Garifaliya. Tsoro ne, wuta ce, kowa na iya faɗin abin da zai yi nadama. Ita ta binne miki shi da hannunta, ta haɗiye rabin baiti a gaban kabarin ɗanta don ta rufa miki asiri. Ke kika ɗauki shebur."

Na ce ta kula da awakinta.

"Su ai suna dawowa," in ji ta.

Talata, 6 ga Agusta, da azahar

Minas ya zo da furanni da akwatin alewa, bakinsa har kunne. Jaridun birni sun yi magana, wai ba a taɓa ganin irinsa ba. Yana so Stamata ta sake yi ranar Asabar, da rigar nan dai, kuma kada a ɗinke yagewar.

Stamata ta ba shi kofi da ruwan sanyi, ta bar shi ya gama. Ta ce, "Ɗana, ni na gama tawa. Amma yayata ta haddace duka goman yanzu. Tambaye ta."

Sakaran ya juyo ya kalle ni da fata a idonsa.

Laraba, 7 ga Agusta, da la'asar

Tun safe Stamata take ɗaki a kulle da almakashina. Na ce ta buɗe mu yi magana. Ta ce tana aiki.

Na tsaya a bakin ƙofar na ce, "Ban san wutar za ta juyo ba." Karo na farko ke nan da na faɗe shi da baki.

Sannan ta ce, "Na sani, Yaya. Shi ya sa na yafe wancan."

Na jira sauran maganar. Sai ƙarar almakashi.

Alhamis, 8 ga Agusta, da hantsi

Motar ta zo ƙarfe bakwai. Ta ɗinke hammatar da farin zare, ko ɓoye shi ba ta yi ba. Rabin gari sun fito rakiya, matan da suka kira ta amarya su ne suka fi kowa rungumarta. Ni ta sumbace ni a goshi kamar yadda ake yi wa gawa, ta ce in riƙa shan maganina.

Na ce, "Za ki kira?"

Ta ce, "Matula za ta kira."

Da na dawo na tarar da baƙar rigarta a shimfiɗe a kan gadona. Ta farke ta ta ƙara mata yadi a gefe da gefe, ta sauke lafin, ta buɗe hammata. Ba ta taɓa gwada ni ba, amma ni na koya mata awo da ido. Kusa da rigar akwai kwalbar mai, da ƙullin lagwani, da ashana, da soso. Ba wasiƙa.

Alhamis, da faɗuwar rana

Rigar ta yi min daidai, ba ta matse ni ko'ina ba.

Minti goma ne, kamar yadda ta ce. Hotonsa na jikin dutsen, yana dariya, da rigar da na ɗinka masa. Ashana huɗu na ɓata kafin fitilar ta kama. Na zauna ina neman abin da zan ce masa, sai na tarar ba ni da kalma ko ɗaya tawa, duk na uwarsa ne a kaina, kuma waɗannan na riga na bayar.

Ina saukowa awakin Diyamanto suka tare min hanya. Na tsaya har suka wuce. Man kwalbar zai kai kwana tara, in na yi tattali.